Ƙota da Ƙarfe a Ƙasar Ƙonni

Makami ɗaya, hannu uku ke taruwa a kansa. Maƙeri ya fitar da ƙarfe, mai sassaƙa ya sa masa ƙota, baduku ya naɗe ya ɗinka kube. Haka tsarin yake tun daga Birnin Ƙonni har Illelar Adar, kuma a cikin ukun nan na tsakiya ne ba a yi wa kirari. Maroƙa sun san Sarkin Maƙera, sun san dukawan fada, amma ban taɓa jin an wasa mai sa ƙota ba. Alhali in ka zauna bakin maƙera ranar kasuwa ka duba abin da ake kawowa gyara, za ka tarar yawancinsa ƙarfen lafiyarsa lau. Mariƙin ne ya yi sako-sako, ko ya tsage, ko gara ta cinye shi. Gidanmu gidan ƙira ne, kuma rabon da ya faɗo wa ɗakinmu tun daga kakana shi ne wannan aiki na tsakiya, wato haɗa ƙarfe da wurin da hannu zai riƙe. Da fartanya aka fara, aka bi ta takobi da adaka, har aka zo kan ƙananan bindigogin Turawa masu mariƙin roba, waɗanda suka fi kowane abu ba mu wahala.

Ƙasar Adar ƙasar tama ce. Kafin ƙarfen mota da na jirgin ƙasa su cika kasuwa, a cikin duwatsun nan ake tono tama a narka, kuma har cikin shekarun 1960 akwai dattawan da suka iya aikin, domin a lokacin ne wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar har ta ɗauki fim ɗin narkar. Ƙarfen da aka sha wannan wahala kafin a same shi ba a wasa da shi. Daga nan ne ƙa'idar farko ta aikinmu ta fito: itace ake ragewa don ya dace da ƙarfe, ba a rage ƙarfe don ya dace da itace. Itace yana daji, gobe ma ka saro wani. Ƙarfen da magagari ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Ƙa'ida ta biyu ta lokaci ce. Itace yana sha yana kumbura da damina, yana bushewa yana tsukewa da hunturu da bazara, kuma ba ya daina wannan har ranar da ya ruɓe. Saboda haka ba a sa ƙota da ɗanyen ice, ba a kuma sa ta cikin watan Agusta. Kakana yakan sari marke ko aduwa ya jingine a zaure, cikin inuwa, ya manta da su har shekara ta zagayo. Sai iskar hunturu ta gama tsotse su sannan ya ɗauki gizago. In fartanya ce ko gatari, a gasa wutsiyar ƙarfen ta yi ja, a cusa ta cikin kan ƙotar ta ƙona wa kanta gurbi daidai jikinta. Abin da aka haɗa a lokacin da ice ya kai ƙarshen tsukewarsa, in ruwa ya sauka sai dai ya ƙara kamawa. Kowane manomi daga Bazaga zuwa Dogarawa ya san rabin wannan ilimi, tunda in fartanyarsa ta fara girgiɗi jiƙa kan yake yi cikin ruwa ya kwana. Ɗanyar fata kuma akasin haka take yi, a jiƙe ake naɗa ta, tana bushewa tana matsewa. Da waɗannan biyun, ice mai kumbura da fata mai tsukewa, aka riƙe makaman ƙasar nan ɗaruruwan shekaru.

Takobi shi ne babban aikin fada. Sarautar Adar da ke Illela ta zuriyar Agabba ce, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, don haka takubban gidajen sarauta a nan ƙirar Abzin ce: ruwa miƙaƙƙe mai kaifi biyu, mariƙi siriri, da ƙulli a ƙarshe. Da yawa daga ruwan takubban nan ba ma ƙirar Afirka ba ne, daga Solingen ta Jamus suka ratso Sahara. Ruwa ɗaya yakan ga mariƙi uku ko huɗu a rayuwarsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin wannan a matsayin aibi. Jika ya gaji takobin kakansa, ya kawo a sake masa mariƙi daidai tafin hannunsa, ya ci gaba da kiransa takobin kaka.

Bindiga ta makara kafin ta zama abin kowa a yankinmu. Yaƙe-yaƙen zamanin Shehu da Sarkin Musulmi Bello, daga Tafkin Kwatto a 1804 zuwa Gawakuke a 1836, doki da mashi da kwari da baka ne suka yi su. Can gabas ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara 'yan bindiga har ya sa aka riƙa zuba igwa a birninsa. Abin da ya iso hannun maharbanmu shi ne adaka, doguwar bindiga mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki, wadda masana'antun Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam suka riƙa ƙerawa da arha musamman don kasuwar Afirka. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Brussels a 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan nahiyar, amma ta bar ƙofa ga irin wannan adakar da albarushinta. Watau sun riƙe mai kyau, sun sakar mana harba-ka-ruga.

Itacen da ake turo adakar da shi ba na kirki ba ne, mai taushi ne da aka shafa wa launi. Damina biyu uku sai ya tsage a wuya, wurin da ya fi siranta. Nan kakanninmu suka sami aiki. Su cire bututun, su sassaƙa sabon gindi da kanya, ko maɗaci in an samu, su auna tsawonsa da hannun maharbin da kansa, sannan su zura ɗanyar fatar wutsiyar sa a wuyan ta bushe a kai ba tare da ɗinki ba. Maharbi ya ƙara nasa: ƙusoshin farin ƙarfe, laya, wani lokaci wuri. In aka fita buɗin daji a wajajen Masallata, da wuya ka ga adaka biyu masu gindi iri ɗaya. Kuma da yake ita kanta adakar ba a ƙera ta da wani awo tsayayye ba, hannu da ido sun ishe ta.

A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta iso Birnin Ƙonni, makonni kaɗan bayan faɗansu da Sarauniya a Lugu. Abin da suka yi wa garin ba labarin sana'a ba ne, kuma ba zan tsoma shi cikin zancen ƙota ba. Sun kashe mutane masu yawan gaske, suka ƙone birnin. Abin da ya shafi zancena shi ne, daga ranar nan kowa ya san akwai wata irin bindiga da ba a ɗura ta ta baki. Sojan Faransa na wancan zamani Gras ta 1874 da Lebel ta 1886 yake riƙewa. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a 1903, aka yi ta jan iyaka tsakanin Turawan biyu har yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka bar Ƙonni a ɓangaren Faransa. Garin ya zama bakin iyaka, kayan Faransa na zuwa daga yamma da arewa, na Ingila na hawowa daga kudu. Bindiga ta zama abu mai lamba da takarda, sai da iznin kwamanda.

Waɗannan sababbin ƙarafa da awo aka yi su. Kowane rami yana da gurbinsa, kowane sukuru yana da zarensa, kuma itacen jikinsu inji ne ya yanka shi. Babana yakan ce a nan ne aikin ya juye: dā mu ke yi wa ƙarfe gurbi, yanzu ƙarfe ya zo da gurbinsa yana jiran mu cika. Amma ba duka ne suka cika alkawarin awon ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ƙananan bindigogi suka yi wa Faransa ƙaranci, a 1915 ta ba wani kamfani na garin Eibar a Sifaniya kwangilar wata ƙarama da ake kira Ruby. Kamfanin ya kasa cika adadin shi kaɗai, ya rarraba aikin ga ƙananan maƙeru da dama na garin, kowa ya yi tasa. Sakamakon shi ne bindigogi masu suna ɗaya da kama ɗaya, amma kayan wannan ba ya shiga waccan. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaura ɓarin mariƙin wata Ruby a jikin wata ya san haka, ramin sukurun yakan kauce da kamar faɗin ƙwayar gero. Na kan ji daɗin wannan labari, don ya nuna maƙeran Turai ma da ido suke aiki in an matsa musu.

Ba mu da masu tara tsofaffin bindigogi don sha'awa irin na Amurka, masu kabad na gilashi da littafin lambobi. Abin da muke da shi gado ne. Tsohon soja ya dawo daga yaƙin Turawa, ko daga Indochine ko Aljeriya, da lambobin yabo a ƙirji, wani lokaci da libarba a ƙasan akwati. Wani basarake kwamanda ya ba shi kyauta. Daga ɓangaren Sakkwato akan ga Webley ta Ingilishi, wadda samfurinta na shida ya fito a 1915 da mariƙin baƙar roba mai tauri. Yawancinsu babu harsashinsu ko ɗaya a duk ƙasar, an naɗe su cikin tsumma tare da takardun fansho, sai ranar rabon gado a buɗe. Wadda ta fi yawa a hannun talaka kuwa doguwa ce ta farauta, Simplex mai baki ɗaya ta kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne, wanda aka kafa a 1885 yana sayar da kaya ta hanyar littafin talla. Ita ma a ƙarshen gindinta akwai wani baƙin faranti da ke tokare kafaɗa, kuma ta wannan farantin ne roba ta fara shigowa zaurenmu.

Mu duk roba muke ce musu, amma ba jinsi ɗaya ba ne, kuma kowace da irin mutuwarta. Ya ɗauke mu tsawon zamani kafin mu rarrabe su, da hanci da yatsa, tun kafin in karanta asalinsu.

Ta fari ita ce baƙar nan mai tauri, wadda ake yi da ƙaron itacen roba a dafa shi da farar wuta mai yawa. Tun 1851 aka yi mata rajista a Amurka, a gidan su Goodyear. In ka goge ta da tsumma har ta yi ɗumi za ka ji warin farar wuta. Rana ce abokiyar gabarta. Baƙin yana koɗewa ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci har da ɗan kore, jikin ya yi gautsi, gefe ya riƙa ɓantarewa. Ba ta cika tsukewa ba, amma faɗuwa ɗaya a kan daɓe ta ishe ta.

Ta biyu ita ce mai ruɗi, seluloyid, wadda wani Ba'amurke John Wesley Hyatt ya yi wa rajista a 1870 yana neman abin da zai maye gurbin hauren giwa. Auduga ce da aka jiƙa da ruwan asid aka cakuɗa da kafur. Tana da kyau ƙwarai, tana iya yin kamar haure, tana iya yin kamar ƙaho. Matsalar ita ce kafur ba ya zama. A hankali yake tashi ya bi iska, abin da ya rage ya tsuke, ya lanƙwashe, ya ja ramin sukurun ya kauce daga gurbinsa. Ƙanwarta da aka fito da ita daga baya, wadda ake yi da asid na ruwan tsami, ita ma haka take yi, sai dai ita in ta fara lalacewa warin tsami take yi. Kuma duka biyun ba su kaɗai suke mutuwa ba. Tururin da ke fita daga jikinsu yana cin ƙarfen da ke ƙarƙashi, sai ka ɗaga ɓarin mariƙi ka tarar da tsatsa ta zana siffarsa tsaf a jikin bindigar. Masu tara bindigogi a Amurka suna kuka da wannan har yau a kan mariƙan Franzite da wani kamfanin Chicago ya riƙa sayarwa, da ma waɗanda kamfanin Colt ya sa wa nasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. To, in a ƙasar sanyi suna tsukewa, sai a auna abin da zai faru a ɗakin kwano a Malbaza cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa.

Ta uku ita ce Bakelite, wadda Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa a 1907. Da garin katako ake cakuɗa ta a gasa cikin mazubi, kuma in ta daskare ta daskare har abada, wuta ba ta sake narka ta. Ita ba ta damu da zafinmu ba. Abin da ke kashe ta hannun mutum ne. Mai ita ya ji ɗan motsi, ya ɗauki wuƙa ya ƙara murɗa sukuru, ya sake ƙarawa, sai tsaga ta tashi daga ramin ta nufi gefe.

Abin da ya ɗaure wa dattawanmu kai shi ne duk dabarun da suka gada ba su ci a nan. Ice in ya tsuke ka jiƙa shi ya dawo. Roba in ta tsuke ta tsuke ke nan, ko ta shekara cikin randa. Man kaɗanya da ke rayar da kanya ba ya shiga jikinta. Wuta kuma, wadda ita ce maganin kusan kome a maƙera, a nan haɗari ce, don seluloyid in ta ga garwashi ba narkewa take ba, tashi take yi fuu ta ƙone ƙurmus kafin ka janye hannu. A zaurenmu doka ce, farin mariƙi ba ya matsawa kusa da zuga-zugi.

Kan wannan ne babana da ƙanensa suka yi saɓanin da ba su taɓa warwarewa ba. Baffa mutum ne mai son mai kaya ya tafi da murna a ranar. In ramin roba ya kauce daga na ƙarfe, shi a wurinsa ba wani abu ba ne a ɗan taɓa ƙarfen da magagari, ko a rage ɗan turken da ke riƙe mariƙin, kome ya zauna. Babana kuwa ko kusa. Yakan ce robar da ta tsuke bana za ta ƙara tsukewa baɗi, in ka bi ta da magagari yau, da me za ka bi ta gobe? Na ga ranar da wani ɗan sarki daga wajen Tajaye ya kawo libarbar mahaifinsa, ɓari ɗaya yana rawa, ya ce a matse masa kafin la'asar.

Babana ya jujjuya ta ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙarfen ga ba shi da laifi. Robar ce ta gaji."

"To a gyara robar mana, Sarkin Maƙera." Ba shi ne sarkin ba, amma haka 'ya'yan sarauta ke kiran kowane dattijon maƙeri in suna son aiki da sauri.

"In don ta zauna a akwati ce, in sa mata fata a ƙarƙashi ta daina motsi. In don a rataya ta ranar Salla ce, a ba ni kwana bakwai in yi mata na ƙaho. Amma tsohon ba za a yar ba, a naɗe shi daban a ajiye."

Waɗannan su ne hanyoyin da muka tsaya a kansu, kuma ba su da yawa. In tsukewar kaɗan ce, a yanka siririyar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, a shimfiɗa tsakanin roba da ƙarfe, bayan an share tsatsa an shafa mai. In ramin ne ya kauce, a faɗaɗa na robar ta ciki, inda ido ba ya gani, da ɗan siririn magagari, a hankali, ana gwadawa ana cirewa. Sukuru kuma a murɗa shi har ya zauna kawai, kada a ƙara ko rabin juyi. In ta lanƙwashe kuma irin mai laushi ce, ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, sannan a danne ta tsakanin alluna biyu ta huce. Sau da yawa takan koma gidan jiya bayan wata biyu, kuma mukan faɗa wa mai ita haka tun farko. Da gam ɗin Araldite ya shigo kasuwar Ƙonni daga Najeriya sai muka sami abin cike tsaga da gina ramin da ya ɓare, muna cakuɗa shi da garin gawayi don ya yi baƙi. Amma manne roba a jikin ƙarfe gaba ɗaya, yadda wasu masu gyaran rediyo suka riƙa yi wa mutane, wannan ɓarna ce, don an rufe tsatsa a ciki an hana kowa duba ta.

In kuwa ta wuce gyara, sai sabo. Ƙahon sa shi ne ya fi, kuma kasuwar dabbobi ta Badagishiri da mahautan Ƙonni ba su taɓa barinmu da rashinsa ba. A gasa shi sama-sama, a buɗe, a danne ya miƙe, a bar shi ya daɗe kafin a yanka, don shi ma yana da halin komawa yadda Allah ya yi shi. Zuciyar kanya ma tana yi, baƙa ce mai nauyi. Sai dai bayan farin 1973 da na 1984 manyan itatuwan nan sun yi wuya, ma'aikatan gandun daji kuma suka tsananta, da gaskiyarsu. Yau dogon yaro ne ya cika gari, yana yin ƙotar fartanya ba laifi, amma ban yarda da shi a kan abin gado ba.

Maganar ajiye tsohon mariƙi, babana don kunya yake yin ta, wai kada a ce maƙeri ya riƙe wani abu na marigayi. Daga baya ne muka gane tana da wani amfani. Dillalan kayan tarihi, Hausawan nan da ke kai kaya Yamai da Lome da Abijan suna sayar wa Turawa, suka fara biyowa ƙauyuka suna neman takubba da tsofaffin adaka. Su suka koya mana wani lissafi da ya saɓa wa duk abin da muka sani: takobi mai ruɓaɓɓen mariƙi na asali ya fi mai sabo tsada, in ka gyara ka rage masa kuɗi. Dattawa suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya sosai ba, don na fahimci abin da mai saye yake nema, yana son hannun wanda ya fara yin abin, ba nawa ba. Wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ko Gidan Makama a Kano zai ga haka ake ajiye kaya, da tsagarsu da koɗewarsu. Inda na ƙi lissafin shi ne da ya haifi sana'ar tsufar da sabo, a yi mariƙi jiya, a turara shi da hayaƙi, a shafa masa goro da toka, a ce na zamanin Agabba ne. An kawo mana irin wannan aiki ba sau ɗaya ba, da kuɗi masu kyau. Wasu gidajen sun karɓa.

Yanzu mutum biyu ke zuwa da abu iri ɗaya suna son akasin juna. Magaji yana son abin da ba ya rawa a hannu, mai ajiya yana son kada a taɓa kome. Shawarar babana ta naɗe tsoho a ajiye gefe ita kaɗai ce na sani da ke raba wannan gardama, tunda sukuru ɗaya ne tsakanin sabon da tsohon, duk ranar da aka so a mayar. Abin da na ƙara a kai shi ne kada a naɗe shi cikin leda, kada kuma a haɗa shi da ƙarfe wuri ɗaya. Tsumman auduga da wuri mai iska, nesa da rufin kwano.

Wannan ɓangare na aikin ya kusa ƙarewa, kuma ba roba ce ta ƙarar da shi ba. Ana cikin tawayen arewa gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, aka ƙone bindigogi a bainar jama'a a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, dokar farauta ta 1998 ta tsara wanda zai fita daji da lokacin fitarsa, sannan ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a 2006. Sai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi, 'yan bindigar daji da suka addabi gabashin Sakkwato da Zamfara suka fara tsallako iyaka suna satar shanu da mutane. A irin wannan zamani, maƙerin da aka ga bindiga a zaurensa, ko da ta kakan wani ce da ba ta yi ƙara ba tun kafin 1960, sai ya yi wa jandarma dogon bayani. Mu dama can ba ma taɓa cikin bindiga, kunama da abin da ke bayanta ba aikinmu ba ne. Yanzu ko mariƙin ma sai da takarda, kuma sai mai ita ya zauna an yi a gabansa ya tafi da abarsa. Wanda ba mu san gidansu ba, mukan ce masa ba ma yi. Iyalai da dama sun miƙa nasu ga hukuma don su huta, ban kuma ga laifinsu ba.

Roba dai ba ta bar mu ba, ta canza ƙofa ne. Wuƙaƙen kanti masu mariƙin roba mai launi sun cika kasuwar Ƙonni da ta Illelar Najeriya, kuma mahauci ba ya wata shida da ɗaya kafin ƙusoshin su fara rawa. Ruwan wuƙar sau da yawa mai kyau ne, don haka sukan kawo mu fasa robar mu sa aduwa. Masu albasa na Galmi suna kawo ƙananan fartanyu kafin dashe, direbobin da ke jiran lodi a bakin masana'antar siminti ta Malbaza suna kawo adduna da guduma. Takubba kuma suna fitowa sau biyu a shekara, mako guda kafin kowace Salla, dukansu a lokaci ɗaya, kowa yana son nasa gobe. Yaran da ke koyo a wurina da wuƙar mahauta suke farawa, kuma ba na ba yaro magagari sai ya iya gaya mini, daga wari da nauyi kawai, wace irin roba ce a hannunsa da abin da zai faru in ta ji wuta.